Ba Bel, Ba Hula

"Cire bel. Cire hula."

Na ɗauka Samanja da wani yake, har na waiwaya. Ba kowa a barandar sai wani soja mai riƙe da fayil, shi kuwa ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

"Yallaɓai, ni ce fa na kawo ƙara."

"Ban tambaye ki ba, Kofur. Cire."

Duk wanda ya taɓa sa kaki ya san ma'anar wannan. Wanda ake tuhuma ne yake shiga gaban Kanar kai ba hula, ƙugu ba bel. Na kwance na miƙa masa. Rigar da Baba ya goge mini da hannunsa ta saki a jikina kamar ta aro.

*

Wata huɗu ke nan da Manjo, shugaban sashenmu, ya ce in kai masa jerin sunayen masu gadi. Da rana tsaka ne. Ina shiga ya murza makulli. Abin da ya biyo baya na rubuta shi sau uku, ba zan ƙara ba. Ana ta fareti a waje, ba wanda ya ji ni.

Doka ta ce ƙaramin soja ba ya tsallake na gaba da shi. Don haka na ba Saje takardata, Saje ya ba Laftanar, Laftanar ya ƙame ya ajiye ta a teburin Manjo. Wato na kai wa mutum ƙarar kansa. Ban san wanda ya tsara wannan doka ba, amma na rantse ba a taɓa kulle ƙofa da shi a ciki ba. Manjo ya kira ni, ya karanta takardar a gabana ina ƙame, ya jefa ta a durowa ya ce za a duba. Ta biyu ma can ta tarar da 'yar'uwarta. Ta uku na aika hedikwata kai tsaye.

Daga ranar na zama mai ciwon da ake ɗauka. Mu shida ne a ɗaki, amma hira takan mutu da zarar na turo ƙofa. Suka sa mini suna Lauya. A wurin cin abinci, bencin da yake ɗaukar mutum takwas ni kaɗai nake zama a kai, da faranti na. Ƙawata da muka sha wuyar horo tare ta same ni a bakin famfo, ta ce da ni ba tare da ta kalle ni ba, "Kin ɗauka a kanki ya fara? Ki rufa mana asiri mana." Ban ji haushinta ba, tsoro ne. Amma kaɗaici ya ci ni, har nakan tsaya gaida mai shara don dai in ji an amsa mini.

A gida Mama ta yi kuka, ta ce in bar wa Allah. Baba kuwa tsohon saje ne, shekara talatin da biyu ya yi a kaki. Mama takan ce da kajinmu suna jin magana da ya jera su fareti. Da na faɗa masa, ya ce, "Soja ba gidan banza ba ne, Kofur. Akwai doka. Ki rubuta." Shi kaɗai ya yarda da ni. Ni kuma ba wani abu nake nema ba illa wani mai tauraro a kafaɗa ya tambaye ni, ko sau ɗaya, me ya faru.

*

Samanja ya shigar da ni da hagu-dama. Kanar yana bayan tebur. Manjo yana gefe a kujera mai laushi, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kowa a bariki ya san tare suka yi makarantar hafsoshi.

Aka karanta laifina: tsallake shugabanni.

"Kin aika wa hedikwata takarda ko ba ki aika ba?" in ji Kanar.

"Yallaɓai, dalilin da ya sa..."

"E ko a'a."

"Na aika, Yallaɓai. To ƙarata fa?"

"Ba ita ce a gabana ba. In kina da ƙorafi, ki bi ta hannun shugabanki."

Ko minti goma ba a yi ba. Aka rage mini igiya ɗaya. A baranda Samanja ya sa reza ya tsinke ta daga hannun rigata a hankali, don kada ya yanki yadin. Ya mayar mini da kayana. "Yi haƙuri, 'yata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Da kin yi shiru."

*

Baba yana bakin get tun safe, don masu gadi sun ce katinsa ya daina aiki. Idonsa a hannuna ya fara sauka. Bai tambaye ni komai ba.

"Akwai na sama da Kanar," ya ce. "Za mu ɗaukaka. Ba haka soja yake ba."

Sai ga mota ta taho daga ciki, masu gadi suka ɗaga sanda. Na gane ta tun daga nesa. Ina cikin kaki, doka ta ce in sara, na sara. Ta wutsiyar ido na ga Baba ya saki sandarsa ta faɗi, ya haɗe duga-dugansa, ya ƙame da dukan ƙarfin da tsufa ya rage masa. Manjo ya sauke gilashi, ya amsa masa da murmushi, har da ɗaga hannu.

Baba ya bi motar da kallo, fuskarsa ta ɗan saki.

"Kin gani ko? Har yanzu akwai na kirki a cikinsu. Wannan wane ne?"

Na sunkuya na ɗauko masa sandar, na kaɗe mata ƙasa.

"Wani ne, Baba," na ce. "Mu je, rana ta yi."