Kwalbar Abu Sabri

Tun da Fathiyya ta miƙa kwalbar nan a ɗakin gwaji hankalinta bai kwanta ba.

Mijinta Abu Sabri manomin shinkafa ne a Kafr Shaikh ta ƙasar Masar, shekara arba'in yana tsoma ƙafa cikin taɓo ba takalmi. Tsargiya ta taɓa masa hanta, ga ƙirji ya toshe, numfashi sai fito yake yi. Aka kwantar da shi a asibiti, gado na shida. Dakta Nadiya ta ce akwai allurar da za ta buɗe ƙirjin, amma sai an duba bayan gidansa tukuna.

"Ni? Da furfurata, in cika kwalba mace ta leƙa? Allah ya sawwaƙe!" in ji shi. Mutumin nan taurin kai kamar jakin niƙa.

Kwana biyu tana lallashi, yana haki. Rana ta uku ta shiga banɗaki ta cika kwalbar da nata, ita da rabonta da gona shekara goma. Takarda ta fito ba tsutsa. Aka fara allura.

Da hantsin kwana na huɗu da fara allurar ta ji daktar tana yi wa mai gadon kusa faɗa: "Ya Hajji, ba don wulaƙanci muke gwajin ba. Akwai tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa ta kwanta shiru. Allurar nan tana kashe ƙarfin jiki, in tsutsar na ciki sai ta bazu har huhu da ƙwaƙwalwa. Alamarta jan layi ne mai tafiya a fata. Wanda ta yi wa haka da wuya ya tashi."

Fathiyya ta damƙe rigar daktar.

"'Yata... kwalbar gado na shida, tawa ce."

"Taki? Innalillahi! Ummu Sabri, allura nawa aka yi masa?"

"Huɗu."

Daktar ta ƙwala wa nas kira a dakatar da allura, ta fita a guje neman maganin tsutsa.

Abu Sabri yana zaune yana dangwala gurasa cikin wake, fuska a sake.

"Kin gani ko, uwar tsoro? Ƙirji ya buɗe, ba kwalba ba tonon asiri. Zo ki sosa min nan."

Ya ɗaga jallabiyarsa. Jan layin da ta gani jiya a ƙugunsa, siriri kamar zare, yau ya kai hakarkari, kuma ga wasu uku sun fito a gefensa.