Mutum Ashirin da Biyu a Hoton Kirsimeti

Shekara goma sha bakwai Marlene ta yi tana kwaɓin fulawa a gidan burodin Gerrit, a wani ƙaramin gari na jihar Michigan. Inshorar lafiyar wurin aikin ce ke ɗauke da ita da mijinta Wendell, wanda ƙugunsa ya lalace har matakala uku na ƙofar gidansu sun gagare shi. Likita ya sa ranar tiyata, sha huɗu ga Fabrairu, ya ce sai an yi jinyarsa wata biyu.

Ta nemi hutu, Gerrit ya ce, "Wata biyu, Marlene? Wa zai riƙe mini tanda?"

Maƙwabciyarta ce ta ba ta labarin dokar. Wanda ya bar aiki yana iya ci gaba da inshorarsa shekara ɗaya da rabi, yana biya daga aljihunsa, muddin ma'aikatan wurin sun kai ashirin. Marlene ba ta iya tambaya ba, kunya take ji kada a ce tana shirin guduwa. Sai ta je gaban hoton bikin Kirsimeti da ke rataye kusa da ma'ajiyar fulawa, ta bi kawunan da yatsa. Ashirin da biyu. Ta sake bi daga ɗaya gefen, bai canja ba.

"Kin tambaye su kuwa?" in ji Wendell da ta gaya masa a gida.

"Ni na ƙirga da kaina."

"To, uwar lissafi, na yi shiru."

Ranar ƙarshen Janairu ta ajiye aiki. Aka yanka mata kek, Gerrit ya dafa kafaɗarta ya ce ai su nan dangi ne.

Mako guda ya wuce takardar ci gaba da inshora ba ta zo ba. Ta koma ta sami Gail, mai kula da takardun ma'aikata a ɗan ofishin da ke bayan kanti. Gail ta saurare ta, ta cire tabarau.

"Haba, 'yar uwa. Me ya hana ki tambaye ni? Ai ba mu kai ashirin ba."

Marlene ta ciro hoton daga bango ta ajiye mata a tebur. Gail ta sa bakin biro a kai.

"Wannan matar Gerrit ce, cin kek ya kawo ta. Waɗannan biyun direbobi ne, da motocinsu suke mana jigila, ba ma'aikatanmu ba ne. 'Yan matan nan uku kuwa Asabar kawai suke zuwa, doka ba ta ƙirga su cikakkun mutane."

"A hoto dai ga su da kai da ƙafa."

"Ba ni na rubuta ba. Jiharmu kuma ba ta yi wa ƙananan wurare irin namu tanadi ba. Inshorarki ta ƙare ranar da kika tafi. Ki nemi irin wadda ake saye ta hannun gwamnati."

"Yaushe za ta fara aiki?"

"Ɗaya ga Maris. Ki dai fara tambaya ko likitan naku yana karɓarta."

Gerrit yana bakin tanda, fulawa ta shafe shi har gira. Marlene ta je ta tsaya a bayansa.

"Maigida, ka mayar da ni. Jinyar zan san yadda na yi."

Ya waiwayo ya kalli teburin kwaɓi. Wata mata ce a wurin, sanye da rigar aikin Marlene, an tsinke zaren da aka ɗinka sunanta da shi amma shatinsa na nan.

"Na riga na ɗauki mutum. Ko da na mayar da ke, sabon ɗauka sai ya yi kwana casa'in kafin inshora ta hau kansa. Da kin yi mini magana tun farko."

"Na yi. Hutu na roƙa."

Gerrit ya juya wajen tanda. Ya ɗauko burodi mai zafi guda biyu ya naɗe a takarda, ya ce ta gaida Wendell, suna sa shi a addu'a a coci.

Ta tarar da Wendell a falo, ya haɗa jakar asibiti tun saura mako guda. Ya sa silifas da reza da rediyonsa, yana gwada tafiya da ƙarfen dogarawa daga kujera zuwa taga.

"Uwar lissafi, dubi tsohonki. Kafin bazara sai na kai ki rawa."

Ta ajiye burodin ta wuce wurin waya, ta kira asibiti. Matar asibiti ta ce likitan ba ya karɓar waccan inshorar ta hannun gwamnati. Sai su nemi wani, a sake gwaji daga farko, kuma layin yana da tsawo. Ta tambaya ko a soke ranar.

Marlene ta ce a soke.

Ƙarar ƙarfen dogarawa ta tsaya a falo. Can Wendell ya ce, "Su nawa ne ashe?"

"Ba su kai ba."

Ya lallaba ya zauna. Ta ɗauki jakar ta zuge, ta fara mayar da kayan inda suke.