Fuskar Auta a Talabijin

Dogo ya durƙusa a bayan talabijin, kansa a matse tsakanin bango da kanta, yana lalubar kebul da hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da sabuwar rauta, na'urar raba intanet a gida, da ya sayo jiya.

"Ya kama?" in ji Umma daga kan kujera.

"Saura kaɗan, Umma."

"Tun safe kake cewa saura kaɗan. Ko haihuwarka ba ta ɗauke ni wannan lokaci ba."

Bai yi dariya ba, ita ma ba don a yi dariya ta faɗa ba. Ta yi wanka tun da wuri, ta sa kayanta na fita, ta sa an jawo mata kujera har gaban talabijin, kamar wadda ke jiran baƙo.

Yau kotu za ta yanke wa Auta hukunci. Auta ƙanen Dogo ne, injiniyan gini. Shi ke kula da aikin wani ɗakin kwanan ɗalibai da ya rufta can gida, ya danne yara da dama. Mai ginin ya gudu, ɗan kwangila ya gudu. Auta ya tsaya yana tonon ɓaraguzai da hannunsa, a nan aka kama shi. Tashar gwamnati ta ce za ta nuna zaman kai tsaye, domin zauren kotun ba zai ɗauki iyayen yaran ba.

Umma ba ta sake ganin fuskar autanta ba tun da aka tsare shi. Kafin abin ya faru ne Dogo ya ɗauko ta zuwa wannan ƙasa inda yake tuƙin bas, don a riƙa yi mata wankin ƙoda. Likita ya ce ta manta da doguwar tafiya.

Manhajar tashar tana cikin talabijin ɗin, amma duk lokacin da Dogo ya danna, sai baƙin allo ya fito da rubutu cewa ba a kallon wannan shiri a yankinsu. Wani bakanike a wurin aikinsu ne ya nuna masa VPN, abin da ke sa intanet ya ɗauka kana zaune a wata ƙasa. A waya ya yi aiki. Amma Umma tana da yanar ido. Ta kai wayar har bakin hancinta, ta mayar masa, ta ce ita inuwa kawai take gani. Talabijin ɗin kuma tsoho ne, ba ya karɓar VPN. Bakaniken ya ce to sai dai a sa shi a rauta, gidan gaba ɗaya ya koma can.

Shi ya sa Dogo ya roƙi wani direba ya karɓar masa aikin safe, ga shi nan a ƙasa da kwali da wayoyi.

Fitilun rautar suka kama, kore biyu, ja ɗaya. Ya buɗe shafinta a wayarsa, ta nemi kalmar sirri. Ya sa wadda ya sani, ta ƙi. Ya kira mai shagon da ya sayar masa.

"Juya ta, maigida," in ji mai shagon, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. "A ƙasanta aka liƙa. Ka shiga? To nemi inda aka rubuta VPN, ka ɗora fayil ɗin da na turo maka. Sai ka zaɓi ƙasarku."

"Layi ɗaya kawai nake gani a ƙarƙashin ƙasarmu."

"Ai ita ke nan. Wa ke neman ya koma can? Kowa fita yake so ya yi. Ƙwallo za ka kalla?"

"Ƙwallo," in ji Dogo, ya kashe wayar.

Jar fitilar ta koma kore. Ya ɗauki rimot ya danna. Baƙin allo, rubutun nan dai. Ya zauna a kan dugadugansa yana kallon rubutun, har ya tuna cewa talabijin ɗin yana kan waifai ɗin tsohuwar rautar gidan. Ya cire tsohuwar rautar daga wuta gaba ɗaya, ya haɗa komai da sabuwar.

Ƙofar kicin ta buɗe. Matarsa ta leƙo, abin sauraro rataye a wuyanta. A teburin kicin take aikinta, tana amsa kiran abokan cinikin wani kamfanin inshora.

"Baban yara, zo."

Ya bi ta. Ta tura ƙofar, ta nuna masa kwamfutarta.

"An rufe ni. Sun ce na shiga daga wata ƙasa. Ina tsakiyar magana da mutum layi ya yanke."

"Ki yi haƙuri. Awa ɗaya kawai."

"Shugabata ta riga ta ja min kunne saboda ranakun da nake kai Umma asibiti. Yanzu me zan ce mata? Na yi tafiya ina zaune a kicin?" Ta sauke murya. "Ba ma wannan ba. Ka gaya mata abin da lauya ya ce?"

Dogo ya kalli tukunyar da ke kan murhu. Jiya lauya ya gaya masa ƙarara cewa kada su sa rai. Mutane na neman wanda za a ɗora wa, kuma Auta kaɗai ke hannu. Da Umma ta tambaye shi, ce mata ya yi lauya ya ce akwai alamun nasara.

"Ban gaya mata ba."

"To ka tabbata kana so ta gani da idonta? Matar da jininta ke hawa don an rufe ƙofa da ƙarfi? Ka ce na'urar ta ƙi. Ba wanda zai zarge ka. Da yamma mu zaunar da ita, mu gaya mata a hankali."

"Ba hukuncin take son gani ba. Shi take son gani."

Sai matarsa ta cire abin sauraron ta ajiye a kan tebur, ta rufe kwamfutar, ta ɗauko kwalbar maganin hawan jini da kofin ruwa, ta wuce gabansa zuwa falo.

Talabijin ya sake ƙi. Dogo ya zare shi daga wuta, ya jira, ya mayar. Ya goge manhajar ya sake sauke ta. Sai da ya yi kuskure sau da yawa kafin ya gama rubuta kalmar sirri da rimot. Ya danna.

Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allo. Sai murya ta fito, muryar mai labarai da harshen gida, sannan hoto ya biyo baya, dishi-dishi, kamar ana kallo ta gilashin da ruwa ya jiƙa.

"Alhamdu lillahi," in ji Umma. Ta gyara mayafinta.

Hoton yana tafiya yana tsayawa. Dogo ya bi gidan ya kashe waifai a duk wata waya da kwamfuta, har tasa wayar ya mayar kan data. Hoton ya ɗan washe. Ga zauren kotu cike maƙil. Ga mata a layin gaba rungume da hotunan 'ya'yansu. Kyamara ta daɗe a kan wata da ke rufe baki da gefen gyale.

"Allah ya ba ku haƙuri," in ji Umma a hankali. "Allah ya ba ku haƙuri, bayin Allah."

Sai kyamara ta juya.

Da farko Dogo bai gane shi ba. An aske masa kai, wuyansa ya yi tsawo, rigar ta yi masa yawa. Umma kuwa, mai yanar ido, ta riga ta miƙa hannu.

"Ga shi nan. Ga Autana. Wayyo, ba sa ba shi abinci ne? Dubi ƙashin wuyansa. 'Yar nan, kin gan shi?"

"Na gan shi, Umma," in ji matar Dogo, ta zauna a hannun kujerar ta riƙe mata kafaɗa.

"Wa ya yi masa wannan askin? Shi da ba ya yarda kowa ya taɓa masa kai."

Alƙali ya fara karatu, dogon karatu, game da ƙarfe da siminti da ginshiƙai. Umma ba ta sauraronsa. Duk lokacin da kyamara ta bar Auta sai ta yi tsaki, in ta dawo sai ta matso gaba.

Wayar Dogo ta yi motsi a aljihunsa. Yayarsu ce, wadda ke can gida tana kallo a talabijin na eriya. Nasu ya riga na nan, domin na nan sai ya yi zagaye kafin ya iso. Saƙon gajere ne: Shekara ashirin. Kada ka bari Umma ta gani.

Ya ɗaga kai. A allon, alƙali bai ma kai ƙarshen shafin ba. Auta yana tsaye, hannayensa a kan katakon gabansa, bai san komai ba tukuna. Dogo ya kalli matarsa. Ta karanta fuskarsa, ta runtse ido.

Rautar tana kan kanta, taku biyu daga inda yake tsaye. Ya matsa. Ya ɗora yatsa a kan kebul ɗin wuta.

"Dogo."

Umma ba ta juyo ba. Idonta na kan allo.

"Cire hannunka."

"Umma, gani na yi yana neman ya—"

"Ni na haife ka. Tun jiya da ka ce min akwai nasara kake kallon ƙasa. Cire hannunka, ka zo ka zauna."

Ya cire. Ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, waɗanda suka kumbura har silifas ba ya shiga.

Alƙali ya ajiye takarda, ya cire tabarau, ya ce wanda ake tuhuma ya saurara. Kyamara ta matso kan Auta har fuskarsa ta cika allon. Ya ɗago ido, ya buɗe baki kaɗan kamar zai ja numfashi.

Nan hoton ya tsaya. Murya ta ɗauke. Ɗan zoben ya fito a kan kumatun Auta yana juyawa, yana juyawa. A kan kanta, fitila ɗaya ta koma ja.

Dogo ya yunƙura zai tashi. Hannun Umma ya sauka a kansa, da nauyi.

"Shekara nawa?" ta tambaya.

Ya gaya mata.

Yana jin yatsunta a cikin gashinsa, suna motsi kaɗan-kaɗan. Matarsa ta buɗe kwalbar magani, Umma ta girgiza kai.

"In ka gyara, wucewa za su yi da shi?"

"Eh, Umma. An riga an fita da shi."

"To kada ka gyara," in ji ta. "Matso min da kujerar kusa da shi."