Waɗanda Aka Kira Bana

Kakin kyandir ne maƙale a ƙarƙashin faratan Fina. Skolastika ta lura da shi tun da yarinyar ta durƙusa a gefen tabarma ta gaishe ta, ta kuma ƙara gani da kyau da ta sa hannu cikin matoke, dafaffiyar ayabar da uwar ta kawo mata daga gida, naɗe a ganyen ayaba. Ranar ziyara ce, filin makarantar Waliyya Felisita ya cika da iyaye, kowa ya baje kwanuka a gindin bishiya. Yarinyar da ke aji huɗu, mai jiran jarrabawar fita a ƙarshen shekara, tawada ya kamata a gani a yatsunta. Na Fina kuwa fes suke, sai ƙamshin turaren coci.

Uwar ta tambaye ta yaya lissafi. Fina ta ce lafiya lau, idonta a kan miyar gyaɗa. Sai Gwaggo Peregiya, yayar marigayi uban yarinyar, wadda ta nace sai an zo da ita, ta kasa haƙuri ta fasa ƙwan.

"Ke har yanzu ba ki ji ba? An kira ta. Sista Anatoliya da bakinta ta faɗa mini a bakin ƙofa. 'Yarmu sista za ta zama."

Ta yi alamar gicciye, ta share ido da bakin gomesinta, doguwar rigarta ta fita, ta shiga lissafa waɗanda za su mutu da hassada a ƙauye.

Kada a ɗauka Skolastika mai wasa da addini ce. Ta sha takawa da ƙafa zuwa Namugongo, wurin ziyarar shahidai, har tafinta ya tsage, kuma carbinta ba ya barin jakarta. Amma ita ta haifi Fina. Yarinyar da sai an yayyafa mata ruwa take tashi zuwa coci ran Lahadi, yaushe aka yi wannan kira har uwa ba ta ji ko ƙishin-ƙishin ba? A hankali, kamar mai tsince tsakuwa a wake, ta riƙa jan bakin Fina. Ashe tun farkon zango aka ɗora mata gyaran bagade da jera furanni da wankin mayafai, kuma yawanci aikin yana faɗawa ne daidai lokacin lissafi da kimiyya. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai Jasinta, akwai Rozeta, akwai Apoloniya.

Nan gaban Skolastika ya faɗi. 'Yan matan ba ta san su sosai ba, amma iyayensu mata ta san su kamar tafin hannunta. Duk ƙarshen zango tare suke zama a bencin ƙofar ɗakin malamai, bencin waɗanda 'ya'yansu suka riƙe wutsiyar aji. Har suna suka sa wa kansu don rage kunya, wai ƙungiyar wutsiya.

Ta faɗa wa Gwaggo abin da ya ɗarsu a ranta, murya ƙasa-ƙasa, cewa 'yan wutsiyar aji kaɗai aka kira. Gwaggo ta ja tsaki.

"Ke dai zargi ya yi miki yawa. Ko Mala'ika Jibrilu ne ya shigo kicin ɗinki, sai kin ce ya nuna katin shaida."

Skolastika ta wanke hannu, ta gyara ɗamara, ta nufi ofis. Daga barandar ana hango ƙaton allon bakin ƙofa, wanda ake sake wa fenti kowace shekara: dukan ɗalibai sun ci, ba wadda ta faɗi. A duk kewayen garin Masaka ba makarantar da ke ɗaga kai irin wannan.

Sista Anatoliya, shugabar makarantar, doguwa ce mai sanyin murya, irin mutanen da ba ka taɓa kama su suna sauri. Skolastika ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, aka ba ta kujera, aka zuba mata shayi da ba ta taɓa ba. Sista ta yaba wa Fina ƙwarai: ladabi, tsabta, natsuwa a gaban bagade. Ta ce zango mai zuwa su huɗun za su koma gidan sistoci a can bayan tudu, su koyi addu'a da ɗinki da kula da marasa lafiya. Jarrabawa ba guduwa za ta yi ba, in sun so daga baya sai su zauna a wata cibiya.

"Wato kafin a tura sunayen masu jarrabawa za su tafi," in ji Skolastika.

"Haka lokacin ya faɗo."

"Sista, ki gafarce ni, ni manomiyar kofi ce, ban yi zurfi ba. Amma ashe Ubangiji ba ya kiran ta ɗaya a aji? Ko ta biyu? Kullum daga baya yake farawa?"

Sista ba ta ɓata rai ba, abin da ya ƙara ba Skolastika haushi. Ta ce Ubangiji ya saba zaɓen waɗanda duniya ta raina, kuma ita kanta ba ta taɓa wuce tsakiyar aji ba. Sannan ta juya kofinta a kan faranti, ta dubi baƙuwarta ido cikin ido.

"Maman Fina, ni ma in tambaye ki. Da kika kawo ta, kin wuce makarantun Katolika nawa a hanya? Duk suna da coci, duk suna da Fada mai jan addu'a. Cocinmu ne ya kawo ki, ko allon nan?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Allon ne. A gabansa ta tsaya ranar farko, ta karanta shi har sau biyu, ta ce wa ranta nan 'yarta za ta zama mutum. Kunya ta kama ta, amma kunyar ba ta kore zargin ba. Ta ce ko ma mene ne ya kawo ta, tana so a mayar da Fina aji, a tura sunanta tare da na kowa.

"Haƙƙinki ne," in ji Sista. "Ba na tsare kowa. Amma ba ƙaramar yarinya ba ce. Ki tambaye ta tukuna."

Skolastika ta sami Fina a bayan coci tana shanya fararen mayafai, ta bar Gwaggo can tana raba labari tabarma-tabarma. Skolastika ta kama wuyan hannunta ta ja ta inuwa. Ta yi niyyar yin faɗa, amma da ta ga yadda fuskar yarinyar ta ciko, ta yi haske, kamar wadda ta warke daga doguwar jinya, sai ta fasa.

"Gaya mini tsakani da Allah. Ke kika ji kiran nan, ko ce miki aka yi kin ji?"

Fina ta dube ta.

"Ban sani ba, Mama. Ke kin san yadda ake bambancewa?"

Skolastika ma ba ta sani ba. Duk shekarunta na durƙuso ba su ba ta amsar ba. Sai ta koma kan abin da ta sani, ta ce Fina za ta zauna jarrabawa tukuna, in ya so bayan nan, idan kiran na gaske ne, mai kiran ya san hanyar gidansu.

"Idan na faɗi fa? Ni kaɗai zan ɓata musu suna, kowa ya san ni ce." Fina ta riga ta yi wannan tunanin ita kaɗai. "A cikin cocin nan ba wanda ke karanta makina a gaban mutane. Sista tana ce mini sannu. Ke ma, Mama, yau ne kika fara kallon fuskata kafin ki tambayi lissafi."

Skolastika ta so ta ce ƙarya ne, ai lissafin ta fara tambaya. Sai ta ga gyaran ya fi maganar muni. Tausayin 'yarta ya rufe ta, da haushin Sista, da haushin kanta, ta rasa wanda ya fi nauyi.

Fina ta ɗaga kai ta dubi rana.

"Mama, azahar ɗin coci ta yi. Ni ke buga ƙararrawa. Sake ni in je."

A can fili wasu iyaye sun fara ajiye cokula, suna miƙewa don addu'ar tsakar rana, suna waiwayen hasumiya. Shiru. Wata sista ta leƙo daga baranda tana duba agogonta. Skolastika ta ji bugun jinin yarinyar a ƙarƙashin babban yatsanta. Ba ta matse ba, ba ta kuma saki ba.