Maɓallin Cikin Shafi

Ni sana'ata lalata riguna ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Nakan shiga kasuwar gwanjo da reza da almakashi, in nemi tsofaffin kwat da suka ƙi sayuwa, in yanke musu maɓallai, in bar su nan baki buɗe. A gida sai in yanka dannannen ulu, irin na tsofaffin huluna wanda bakinsa ba ya zarewa, in naɗe shi fure, in dasa maɓalli ɗaya a tsakiya, in sa fil a baya. Mata su maƙala a ƙirji su tafi ofis suna taƙama, ba su san daga jikin wa abin ya fito ba. Ni ma ban sani ba. Shekara goma sha biyu ina wannan aiki, ban taɓa tsayawa na kalli riga ba. Idona yana kan maɓalli, hannuna kuwa ya haddace hanyarsa: gaban riga, wuyan hannu, sannan ya leƙa cikin shafi inda tela kan ɓoye ɗaya na ajiya. Ko hira nake yi, shi yana can yana aikinsa.

Inna ce take tsince min su. Tela ce a da, kafin idanunta su mutu. Kullum da safe nakan juye mata aljihun rigar aikina a faranti, ta zauna bakin taga tana cire tsohon zare da farce, tana ware na ƙaho daban, na ƙashi daban, na ƙarfe daban. Tana yi tana yanke wa mutanen da ba ta taɓa gani ba hukunci. Wannan raguwa ce ta ɗinka shi, sau uku ta soka allura ta tafi gulma. Wannan namiji ne, ji ƙullin kamar zai ɗaure jaki. Ba wanda yake tsira a farantin nan, har ni.

Ita nata ɗinkin daban ne. Ba ta gicciye, ba ta layi biyu. Daga rami ɗaya take fitar da zare zuwa sauran ukun, ya fito kamar sawun kaza, da zare ninki biyu da ta goga wa kakin zuma, sannan ta naɗe wuyan maɓallin sau bakwai. Haka ta ɗinka wa Auta ranar da zai tafi.

Auta ƙanena ne. Shekara shida ke nan da ya sa kwat ɗin marigayi Baba ya tafi neman aiki. Rigar ta yi masa yawa, har na tsokane shi na ce ko da iyali zai zauna a ciki. Inna ta karɓe ta, ta sake wa maɓallan ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ta ce masa rigar za ta mutu ta bar su. Ya kira sau uku a watan farko, daga nan shiru. Mun je duk inda ake zuwa, mun cika duk takardar da ake cikawa, aka ce mu jira.

Ni na gaji da jira tun shekara ta biyu. Inna kuwa jiran ne yake riƙe da ita. Tagar ɗakinmu tana kallon lungu, Inna ba ta yarda a rufe ta da rana, ko ruwa ake yi, don ta ce takunsa za ta fara ji. Ƙwayoyin ciwon zuciyarta ma, da take cewa sun fi komai ɗaci a duniya, tana haɗiye su ne da magana ɗaya: kada yaron nan ya zo ya tarar ba ta nan. Likita ya taɓa ja na gefe ya ce in ta bar su mako biyu, to kada in wahalar da kaina kawo ta.

Ranar wata Talata Mai Dila, wanda nake sayen kaya wurinsa, ya ce in zagaya bayan rumfa, akwai tuli. Riguna ne da ko mahaukaci ba zai saya ba, duk tabo da warin rima. Irinsu mai katifa yake kwasa ya niƙe, kuma ya fi so in riga shi taɓa su, don maɓalli yana karya wa injinsa haƙori. Na zauna na fara. Mai Dila yana ba ni labarin ciwon bayansa, ni ina ta “ayya” ina yanka. Can na kai kan wata riga da rezata ta ƙi cin zarenta. Na ja, na goga, ko gezau. Na tsine wa wadda ta yi ɗinkin a raina, na ɗauko almakashi na yanko maɓallan har da ƙyallen da ke ƙasansu, na watsa a aljihu, na jefar da rigar na ja wata.

Sai a cikin mota, a hanyar gida, na sa hannu a aljihun ina wasa da su. Babban yatsana ya hau kan wani zare mai santsi, ya bi shi daga rami ɗaya zuwa uku. Na fito da shi. Sawun kaza. Na ƙirga naɗin wuyan da farce, bakwai.

Ban san da wane baki na ce wa direba ya tsaya ba. Da na koma rumfar, wurin tulin har an share. Na tambayi Mai Dila daga ina kayan nan suka fito. Ya fara kame-kame, wai dila dila ce, wa yake tambayar ta asalinta. Da ya ga fuskata sai ya rage murya.

“Ba dila ba ce, Mai Maɓalli. Daga wani asibiti ne can nesa. Kayan waɗanda suka cika ba wanda ya zo nemansu. In ɗakin ajiya ya cika sai su fitar.”

Shagon mai katifa yana ƙarshen layin 'yan katako. Ƙurar auduga ta cika shi, injin yana ihu kamar ana yanka shi. Tsoho ne, hancinsa ɗaure da tsumma. Na ce masa na manta abu a cikin kayan ɗazu, ya nuna min da haɓa. Nan na durƙusa ina juya rigunan da hannuna ya gama bi ɗazun nan, ba ko ɗaya da na gane. Ban san rigar ubana ba sai da ramukan da ni na yi mata. Ta koɗe, ƙeyar wuyan ta cinye, gefe ɗaya ya sandare da wani baƙin tabo da ban so in san na mene ne ba. A cikin wuyan an maƙala 'yar takarda da fil, irin fil ɗin da nake sa wa furannina. An rubuta lamba, an rubuta kwanan wata, an rubuta namiji, ba suna. Kwanan watan ya shekara biyar da rabi. Wato tun muna cika takardu yana kwance.

Na zauna a kan audugar na yi kukan da ba wanda ya ji, saboda injin. Baƙin ciki na ji, amma har da haushi: na Auta da ya mutu ba sallama, da na kaina da nake ce masa mara kirki a zuciya duk shekarun nan.

Sannan na yi lissafin Inna. In na shiga gida da rigar nan, ko a ƙarƙashin ƙasa na binne ta sai ta shinshino ta. In ta sani kuwa, ta gama da ƙwayoyin nan. Ba ni da kowa sai ita. Na shimfiɗa rigar na ƙirga ramukan gabanta, huɗu. Na zazzage aljihuna a cinya na tsinto masu ƙyalle a jiki, huɗu. Wuyan hannayen duka biyu ba su da maɓalli tun zamanin Baba. Na ƙulle su da takardar a hankici, na tura cikin jaka, na mayar da sauran cikin aljihu. Rigar kuma na miƙa wa tsohon da hannuna. Ya tambaye ni ko na samu abin da nake nema, na ce na samu. Na tsaya har injin ya haɗiye hannunta na ƙarshe.

A gida Inna ta ce na daɗe. Na ce mota ce ta lalace. Ta ce muryata kamar mai mura, na ce ƙurar kasuwa ce. Ƙarya ba ta taɓa yi min sauƙi haka ba.

Da safe na ɗora ruwan zafi, na ajiye mata ƙwayoyinta biyu a murfin kofi, na juye mata aljihun a faranti kamar kullum. Na koma kan tebur ina yanka jan ulu. Ina jin ƙarar tsintarta a bayana, ƙwas, ƙwas, tana zagin wata da ta haɗa baƙin maɓalli da zare mai kauri. Har na ji raina ya ɗan kwanta.

Sai ƙarar ta tsaya.

Na juya. Wani ƙaramin maɓalli ne a tafinta, da ɗan guntun shafi mai santsi a jikinsa. Na cikin riga, na ajiya. Hannuna ya je can ya yanko shi ina tsakiyar “ayya”, ni kuma da na zo ƙirga ramuka gaban rigar kawai na duba. Yatsanta yana bin zaren daga rami ɗaya zuwa uku, ya dawo, ya sake bi.

“Da almakashi kika ciro shi,” in ji ta.

“Eh, Inna.”

“Reza ta ƙi ci.”

“Ta ƙi.”

Ta gyaɗa kai, kamar telar da aka yaba wa aiki. Na yi sauri na ce ai wataƙila sayar da ita ya yi, mutum in ya samu wuri yakan sake kaya, riga tana yawo hannu zuwa hannu. Ta bar ni na gama. Ta ce yaron da yake kwana da rigar ubansa a kai tun yana shekara tara ba zai sayar da ita ba, ni ma na sani. Ta tambaye ni ko daga tulin bayan rumfa ne. Ashe ta daɗe da sanin inda irin tulin nan yake fitowa, tun tana zuwa kasuwar da idanunta. Na ɗauko hankicin na kwance mata. Ta shafa huɗun, ta shafa takardar, ta ce in karanta. Na karanta har kwanan watan. Ba ta yi kuka ba, ta miƙo hannu kawai.

“Ba ni rigar.”

Na sunkuya ina ninke hankicin.

“Ke, ba ni rigar in ji. Ko kabarinsa ban da shi.”

“Na ba mai katifa, Inna. An niƙe ta.”

Hannun ya daɗe a miƙe kafin ta mayar da shi cinya. Na so ta zage ni, ita da ba ta ƙyale ko wanda bai iya ƙulli ba. Ba ta zage ni ba. Ta jera maɓallan biyar a kan gwiwarta, huɗu a layi, ƙaramin a gefe, inda yake zama a jikin riga. Ta ce waɗannan kada in yi fure da su.

Na matso mata da kofin, na ce ruwan zai huce. Ta lalubi murfin da ƙwayoyin ke kai, ta tura shi gefe a hankali don kada su zube.

“Rufe tagar nan,” ta ce. “Iska tana damuna.”