Jar Bilendar Mahfuza

Sunana Dilruba. Na shekara biyu ina rubutu a kan kayan girki a shafina na intanet kafin wani babban kanti mai sayar da kaya ta intanet ya saka ni cikin tsarinsa na la'ada. Tsarin ba shi da wuya. Sun ba ni lamba tawa ta kaina. Duk kayan da na ambata a rubutu, sai in liƙa masa linki mai ɗauke da lambar. Idan mai karatu ya latsa ya shiga kantin, ya kuma sayi wani abu kafin kwana ya zagayo, sai su yanka mini ɗan kaso. Shi mai saye ba a ƙara masa ko taka ɗaya ta kuɗin ƙasarmu. Da wannan na kwantar wa kaina hankali. Tunda ban taɓa aljihun kowa ba, ban ga abin da zan sanar ba.

Lokacin da ɗanyen mangwaro ya fara cika kasuwannin garinmu Rajshahi na yi rubutu a kan bilenda biyar da suka fi. Uku na taɓa aiki da su. Biyu kuwa a hoto kawai na san su. Ɗaya daga cikin biyun, wata ja mai kofi uku, ita ce kasonta ya fi tsoka, ita kuma na ɗora a sama. Na ce wa kaina ai don ta fi arha ne.

Yayata Mahfuza sana'ar achar take yi: ta yanka ɗanyen mangwaro, ta shanya, ta jiƙa shi cikin mai da yaji da niƙaƙƙen iri mai yaji da ake kira mastad, ta cika kwalabe. Ba ta taɓa nuna mini tana karanta shafina ba. Wata Talata da hantsi sai ga kiranta.

"Dilu, zo ki ga aikinki."

Na tari riksho, keken haya mai ƙafa uku, na tafi. Na same ta a tsakar gida, mangwaro tabarma biyu yana shan rana. A gefenta ga jar bilenda tana warin ƙonanniyar roba.

"Sau huɗu na kunna ta," in ji ta. "A na huɗun ta yi tari kamar tsohuwar tunkiya, ta yi hayaƙi, ta ce ga garinku nan. Ga shi kwalba tamanin ake jira a Dhaka ranar Juma'a."

"Haba Apa, me ya hana ki tambaye ni kafin ki saya?" Apa nake ce mata, wato Yaya.

"Na tambaye ki mana. Ba ke kika rubuta ba? Lamba ɗaya, kika ce. Ko akwai wata Dilruba ne?" Ta kore ƙuda daga kan tabarma. "Da me kika gwada ta? Mastad ko busasshen barkono?"

Na ce mata ban gwada ta ba. Tunda baki ya riga ya buɗe, na ƙarasa mata sauran, har da lambar da kason.

"Nawa kika samu a kaina?"

"Taka ɗari da tamanin."

Ta yi dariya, amma ba ta daɗi ba. "Ashe farashin yayarki bai kai na kan kifi ba."

"Wallahi ba a ƙara miki komai ba, Apa. Kantin ne ke biya daga ribarsu."

"Wa ya ce kin ci kuɗina? Dillalin da ke kawo mini mangwaro, na san yana da la'ada, ban taɓa jin haushinsa ba. In ya ce wannan buhun ya fi, sai in ɗauki ɗaya in gatsa da kaina. Ke kuwa na ɗauka ƙanwata ce ke magana, shi ya sa ban gatsa ba."

Ta shiga ciki ta kinkimo dutsen niƙan mahaifiyarmu, ta dire a gabana da kwanon mastad. Na niƙa har la'asar, tafin hannuna ya yi kanta, idanuna suna ta ruwa saboda yaji. Da rana ta zubo mini shinkafa da kifi, ta ci gaba da cika kwalabenta.

Washegari na buɗe shafin. Da farko na so in yi yadda na ga wasu suna yi, in sa sanarwar can ƙasa da ƙananan haruffa, inda ba mai kaiwa. Na fasa. A saman kowane rubutu na sa: "Wasu linkin da ke nan na la'ada ne. In kun sayi abu ta cikinsu, kantin zai ba ni kaso, ku ba a ƙara muku komai. Abin da ban gwada da hannuna ba, zan faɗa." Na cire bilenda biyun nan, na kuma rubuta dalili ba tare da kwana-kwana ba.

Wata mata ta rubuto cewa shekara guda tana bin shawarata, yanzu ta daina. Ban ga laifinta ba. Wani malamin makaranta daga Khulna kuma ya ce da can kai-tsaye yake shiga kantin, amma tunda ya san yadda abin yake, da gangan zai riƙa bi ta linkina. Kason ya ragu na wata uku, sannan ya ɗan farfaɗo, bai dai koma yadda yake ba. Rubutun ma ya ragu, don yanzu sai na ari abu ko na saya na yi mako ina aiki da shi kafin in ce uffan.

Kwalaben Mahfuza sun isa Dhaka ranar Asabar, da jinkirin kwana ɗaya. Bayan sati biyu ta sayi sabuwar bilenda a kasuwa, wurin wani mai shago da ta tilasta wa ya jona ta a wuta ya niƙa mata mastad a gabanta. Ba ta shawarce ni ba. A bakin mijinta na ji.