Ƙulli a Yashin Maleo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ko a gida ba a cika jin muryata ba, kuma ban yi nisa a makaranta ba. Amma Kawu Lamudin yana ta ba da labarin yadda ya ga dama, gara ni ma in faɗi nawa.

Tsuntsuwar maleo ba ta kwanci. Takan sauko daga daji ta tona rami a baƙin yashin bakin tekunmu, ta binne ƙaton ƙwai ɗaya, ta bar wa rana aikin ƙyanƙyasa. A tsibirinmu kowa na iya tonowa ya ci, sai dai ramin da aka kafa wa sanda mai ƙullin ganyen kwakwa. Wannan na yashi ne, ba a taɓawa. Kaka Sapia ce ke ƙullawa. Tun da ta rasu babu wanda ya ɗauki aikin, tsuntsayen kuma suna ta ƙarewa. Bana 'yan kaɗan ne suka sauko.

Sai na yanko ganye na ƙulla, na kafa a kan duk ramin da na ga an binne ƙwai.

Ashe hanya na nuna wa Kawu. Ya yi wa surukan ɗansa alkawarin ƙwan maleo a tiren biki. Da rana tsaka na tarar da shi yana bin sandunana yana tonewa, yana naɗe ƙwan a ganye. Rami ɗaya ya rage. Na ruga na zauna a kai.

Ya ce, "Hasnia, tashi. Yashin nan zai gasa ki kamar kifi."

"Kawu, akwai ƙulli a nan."

"Ƙullin wa? Kakarki ce ta dawo? Ƙulli na manya ne, ba na yarinyar da ke ɓuya a bayan tukunya in an yi baƙi ba."

Zafi ya ratsa zanina har hawaye suka zubo mini, amma ban motsa ba.

Na ce, "Babban da zai ƙulla ya zo ya ƙulla, sai in tashi."

Masunta biyu da ke gyaran koma suka tsaya kallo. Ɗaya ya ce, "Lamudin, ka bar ta mana, ka ga uwar ƙwai ta fara kwanci."

Suka yi dariya. Kawu ya ɗauki kwandonsa ya ce, "Ki ci gaba da kafa mini alama, na gode. Gobe ma zan dawo."

Washegari bayan sallar asuba na ɗauki addar Kaka, na saro sanduna da ganye iya abin da zan iya ɗauka. Na share sawun tsuntsayen da reshe. Na bi yashin nan tun daga duwatsu har bakin rafi ina kafa ƙulli, inda akwai ƙwai da inda babu. Sannan na nemi inuwa na zauna ina jiran Kawu.